Ƙosai a Cikin Gurasa

Tun da ɗanta Modu ya shiga makaranta, hankalin Zaituna bai kwanta ba. Ba ya cin abincin da take ba shi ya tafi da shi. Ta sa masa ƙwai a burodi, ta gwada kifin gwangwani, kullum haka yake dawo da abinsa, ga shi yana ta ramewa.

Ran Asabar ta kai shi unguwar Kabara ya gaida kakarsa, Hajiya Kolo. Tsohuwar ta tsaga gurasa, ta murƙushe ƙosai mai zafi a ciki, ta barbaɗa garin ƙuli-ƙuli.

"Hajiya, ba zai ci ba fa."

"Mijin nawa? Zo nan, angon da ba ya cefane!"

Modu ya cinye tas, har da lasar yatsu. Ran Litinin Zaituna ta yi sammakon zuwa wajen mai ƙosai, tana tafe tana dariyar kanta.