Wata Uku Tana Danna Tara

Ana tafa wa wata Farfesa a zauren asibiti saboda manhajar waya da ta ƙirƙiro wa waɗanda suka warke daga ciwon daji, sai wata mai ɗinki da aka cire wa nono bara ta miƙe.

"Kullum wayata tana tambayata zafin ciwona, daga ɗaya zuwa goma. Wata uku ina danna tara. Wa ya kira ni?"

"Yi haƙuri, baiwar Allah, amsoshin na bincike ne."

"Bincikenki ya ci ƙaniyarsa! Kin yi suna, ni hannu ya kumbura, ko almakashi ba na iya riƙewa."

Mai gadi ya nufo ta, Farfesa ta dakatar da shi, ta roƙi mai ɗinkin lambar wayarta. Matar ta ja tsaki ta fice, wasu mata biyu suka bi bayanta.