Wuƙar Mijinyawa a Aljihun Mai Gadi

Ruwan kogin Shari ya yi kwana arba'in da ɗoriya a gonar Malam Mijinyawa a unguwar Waliya, da ya tashi tafiya kuma bai tafi hannu rabbana ba. Ya kwashe albasa, ya ruɓar da ƙananan mangwaron da ke jere cikin leda, sun fi ɗari biyu. Duk wannan tsohon ya ɗauke shi a ƙaddara. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne babbar bishiyar mangwaron da ke tsakiyar gonar, wadda ta fara zubar da ganye tun daga sama.

Mahaifinsa ne ya yi mata aure da hannunsa, a shekarar da ya haƙura da ƙarasawa Makka ya yarda nan ne gida. Auren mangwaro kuwa shi ne a yanko reshen mai kyau a ɗaura a jikin ƙaramar bishiya har su haɗe. 'Ya'yanta ba zare, ƙwallon siriri, zaƙi har ya yi yawa. In ka shuka ƙwallon, mangwaron banza zai fito maka. Sai dai reshe, kuma ranar da Mijinyawa ya zagaya ta yana dubawa, rassa biyar kaɗai ya samu da sauran rai. Ga ango, babu amarya, domin ruwa bai bar wa kowa ƙaramin mangwaro a unguwar ba.

'Yarsa Sakinatu ce ta kawo mafita. Tana aikin rubutu a wani depo na kayan agaji a Farsha, wuri mai tudu. A bayan depon akwai famfo inda ma'aikata ke shan mangwaro su yar da ƙwallo, har wasu sun tsiro sun kai ƙugu. Ta roƙi shugaban wurin ya bar mahaifinta ya ɗaura rassan a jikinsu, ya ce ba komai, ya sa hannu a takardar shigar baƙo, washegari ya yi tafiya.

Da asuba Mijinyawa ya yanke rassan biyar duka, ya tsige ganyen, ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma. Suka hau babur biyu suka haye gada. Kafin su ratsa cunkoson gari su isa Farsha rana ta ɗaga, tsumman ya fara ɗumi a hannunsa.

A ƙofar depon akwai masu gadi biyu. Dogon, wanda Sakinatu ta gaishe da sunan Jimadum, mutumin kudu ne, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ya duba takarda, ya goga wa tsohon sandar nan mai kuka in ta ji ƙarfe. Tana zuwa aljihun gefe ta ƙwala ihu.

Mijinyawa ya zaro 'yar wuƙarsa mai naɗewa, tsawon ɗan yatsa, ƙotar ƙaho ta yi santsi don tsufa. Allah ya sani bai ɓoye ta ba. Shekara hamsin tana aljihunsa, da ita yake yanka goro, da ita yake gyara farce, ya daɗe da mantawa cewa sunanta wuƙa.

"Mamnu, Abba," in ji Jimadum da Larabcin gari, wato an hana. "Baƙo ba ya shiga da abu mai kaifi. Ka bar ta nan, in ka fito ka karɓa."

"Ɗana, ai don ita na zo. In na bar ta, da haƙori zan yi aikin?"

"Doka ce."

Sakinatu ta kira wayar shugaban har sau uku, ba ta shiga. Ta juyo ta ce da Hausa, "Baba, akwai wuƙa a kicin ɗinmu, bari in ɗauko."

"Wadda ake yanka albasa? Ke Sakinatu, kin taɓa ganin an yi aski da gatari? Tana taɓa reshen za ta dagargaza ɓawon."

Mijinyawa mutum ne mai saurin hawa, duk Waliya an shaida. Ya fara faɗa, rabi Hausa rabi Larabci, yana tambaya wa zai kashe da abin da ko kaza sai ta yi haƙuri kafin ya yanka ta. Jimadum ya ci gaba da tsaron ƙofarsa. Da tsohon ya ga faɗan bai motsa ƙofa ba, sai jikinsa ya yi sanyi. Ya tsuguna a inuwar katanga, ya buɗe tsumman ya duba. Bakin rassan ya fara baƙi. Tsoro ya kama shi sosai, domin ya san in suka bushe babu inda zai koma ya yanko wasu.

Jimadum ya leƙo. "Mene ne wannan ɗin?"

Tsohon ya gaya masa, wannan karon a hankali: ruwan, bishiyar, mahaifinsa, da rassa biyar. Mai gadin ya karɓi wuƙar yana juya ta a tafin hannunsa. Can ya yi magana da abokin aikinsa, ya rubuta wani abu a littafin ƙofa, ya jefa wuƙar a aljihun rigarsa ya ɓalle maɓalli.

"An hana baƙo riƙe ta a ciki," in ji shi. "Ni ba baƙo ba ne. Zan shiga da ita, amma ba zan miƙa maka ba, akwai kamara ko'ina. Kai ka faɗa, ni in yanka."

"Ka taɓa yi?"

"Ban taɓa ba. Auduga ubana yake nomawa."

Mijinyawa ya dubi hannuwan mutumin, manya kamar faranti, ya ce a ransa inna lillahi. Ko ɗan cikinsa bai taɓa bari ya buɗe wuƙar nan ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya miƙe ya bi su.

A bayan depon ya zaɓi ƙananan bishiyoyi masu kaurin alƙalami. Ya nuna inda za a datse kai, Jimadum ya datse. Ya nuna yadda za a tsaga tsakiya, ya tsaga daidai. Sai aka zo fiƙe reshen, gefe biyu, kowanne ja ɗaya. Jimadum ya ja da ƙarfin mai sara, wuƙar ta zarce, reshen ya rabe biyu ya faɗi ƙasa.

Sakinatu ta rufe baki da mayafi, tana jiran aradu. Mijinyawa ya ɗauki guntayen ya duba. Maganganu da yawa sun zo masa, masu kyau babu ko ɗaya, ya haɗiye su duka. Zufa ta karyo wa mai gadin, ya ce, "Abba, ka yafe. Ko mu bari?"

"Saura huɗu. Je ka karyo min reshen darbejiyar can."

A kan darbejiya suka koya. Tsohon ya tsaya a bayansa, ya riƙe masa wuyan hannu, yana cewa kada ka tura ta, bar ta ta tafi da kanta, kaifin ya san hanya. Sai da ƙasa ta cika da fiƙaƙƙun tsinke kafin ya saki hannun ya miƙa masa reshe na biyu. Jimadum ya ja numfashi, ya ja wuƙa. Fuskar yankan ta fito sumul.

"Haka!" in ji Mijinyawa, har da tafi.

Shi ya cusa kowane reshe a tsagarsa, ya daidaita ɓawo da ɓawo, ya naɗe da zaren leda tamau. Kafin azahar huɗun sun zauna. A ƙofa Jimadum ya goge wuƙar a hannun rigarsa, ya naɗe ta, ya miƙa da hannu biyu. Tsohon ya so ya yi dogon jawabi, amma wata mota ta iso tana oda, mai gadin ya juya ga aikinsa.

Sati uku Mijinyawa bai tambayi Sakinatu labarin rassan ba. Babbar bishiyar ta ƙarasa bushewa. Masu sayar da itace suka yi ta zarya, yana korarsu kamar ɓarayi, yana cewa ko ɓawonta ba za a taɓa ba. Kullum da hantsi yakan zauna a gindinta, alhali babu inuwar da ta rage.

Ranar wata Laraba Sakinatu ta ce ya shirya, ta sake karɓo takarda. Suna isa bayan depon ya ga an kafa wa kowace bishiya 'yar rumfar kwali, an zagaye gindin da duwatsu. Ta ce aikin Jimadum ne, kullum kafin ya karɓi ƙofa sai ya zo ya zuba musu ruwa, har faɗa ya yi da wani direba da ya shanya tsumma a kai.

Biyu sun bushe ƙarau. Biyu kuwa sun fasa ido, sun fito da ganye ja masu taushi, suna rawa a iska. Mijinyawa ya durƙusa a gabansu, ya kai yatsa kamar zai taɓa, ya fasa. Hawaye suka zubo masa, bai damu ya share ba. Ya yi wa Allah godiya a bayyane, sannan ya miƙe ya kama hannun daman Jimadum da hannuwansa biyu, ya riƙe ya ƙi saki.

"Ɗana, ban da abin da zan ba ka da ya kai wannan. Allah ya tsare maka abin da ubanka ya bari."

"Amin, Abba," in ji Jimadum, yana kallon ƙasa don kunya.

Tsohon da Sakinatu suka fito har bakin titi. Yana ƙoƙarin hawa babur ya waiwayo ya ce, "Sakinatu, in mun koma ki aika wa masu itacen nan. Su zo gobe da safe su sare ta."