Motar da Ta Kwana a Waje

Ilarie ya cire safar hannunsa da haƙori, ya ɗora tafin a kan bonet ɗin motar. Da ɗumi. Ba zafi ba, ɗumi kawai, irin na wurin da kyanwa ta tashi. Mota ta tara ke nan da ya taɓa tun da aka buɗe kasuwar motoci ta ranar Lahadi, kuma duk taran haka ya same su.

"Baba, mota ka zo saye ko zazzaɓi ka zo aunawa?" in ji dillalin, wani mai jar hula da ake kira Fanel. "Jiya-jiyan nan ta sauka daga Jamus. Ta wata tsohuwar likita ce, coci kaɗai take zuwa da ita."

"Kai, Jamus dai ta yi arzikin tsofaffin likitoci," in ji Toader, ƙanin matar Ilarie, wanda ya rako shi. "Tun safe duk motar da muka tsaya a kanta ta tsohuwar likita ce. Ko su kaɗai ne a ƙasar?"

Ilarie bai yi dariya ba. Shekara talatin ya yi yana jan motar katako a duwatsun nan, ya san abin da ɗumin yake nufi. Dillalai sukan zo tun da asuba su tayar da motocin, su bar su suna ta ruri har injin ya gasu. Motar da ta gasu, ko ranta na hannun Allah, murɗawa ɗaya za ta tashi. Shi kuwa ba wannan ya zo gani ba. So yake ya san abin da za ta yi ƙarfe biyar na asuba a ƙofar gidansa, can saman tudu, lokacin da sanyi ke sa gashin hanci ya daskare.

Ranar Juma'a tsohuwar motarsa ta ƙi tashi. Ya murɗa, ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Ya zuba garwashi a tsohon kasko ya tura ƙarƙashin injin yadda suke yi a daji, a banza. Motar asibiti kuma ta zo gindin gada, direban ya ɗaga kai ya dubi tudun, ya juya abinsa. Haka matarsa Domnica ta rasa wankin ƙodarta na ranar, ita da ake yi wa sau uku a mako a asibitin gari, tafiyar kilomita arba'in.

Nas ta ce masa a waya, "Kada ta sha ruwa fiye da rabin kofi. Litinin da safe ka kawo ta ko a bayanka ne. In Litinin ta wuce..." Ba ta ƙarasa ba, shi ma bai tambaya ba.

Yau ƙafafun Domnica sun ƙi shiga takalmi. A zaune take barci, numfashinta na fita da wata ƙara kamar buta ta kusa tafasa. Ƙarar nan ce a kunnensa tun da ya fito.

Ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya kwanta, ya shige ƙarƙashin motar Fanel da sukundireba a hannu. An shafe cikin da baƙin fenti mai kauri, sai ƙyalli yake. Ya danna bakin sukundireban a jikin ƙarfen, ba da ƙarfi ba ma. Ya shige kamar a cikin burodi. Garin tsatsa ya zubo masa a fuska. Gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara ya cinye ta tun da daɗewa.

"Kai tsoho! Huda min mota kake?"

"Hudadda na same ta," in ji Ilarie yana fitowa. Da ya zo miƙewa gwiwoyinsa suka ƙi, sai da Toader ya ja shi.

Rana ta yi tsaka, in har za a kira farin tabon nan na sama rana. Masu motoci sun fara kwashe kayansu, don rediyo ya ce wata dusar ƙanƙarar na tafe kafin yamma. Ilarie ya dubi filin yana ta raguwa. In kasuwar nan ta watse, sai wata Lahadin. Ya shafa ƙirjinsa inda Domnica ta ɗinke masa kuɗin saniyarsu da suka sayar a cikin rigar sanyi.

"Mijin yaya, ka ɗauki ɗaya mana," in ji Toader, muryarsa ta sauka. "Ko wacce. Sai mu riƙa kwana muna tayar da ita duk bayan awa biyu."

"Har watan huɗu da sanyi zai wuce? Kai da ko ƙararrawar coci ba ta tashinka?"

A nan ne ya hango ta. Can ƙarshen fili, jikin shinge, wata doguwar mota ce ruwan toka, mai tsayin ƙafa. Duk motocin kasuwar bonet ɗinsu a bushe yake. Ita kuwa dusar ƙanƙara ta yi mata rawani, kaurin taki guda, ba wanda ya taɓa. Ya nufe ta yana sauri har yana zamewa. Ya share dusar da hannun riga, ya ɗora tafinsa. Sanyin ya cije shi, fatar ta manne, da ƙyar ya ɓamɓare.

"Tun shekaranjiya take nan," in ji wata murya. Wani tsoho ne zaune a benci kusa da mai gasa nama, ya naɗe fuskarsa da mayafin ulu, ido kaɗai a waje. "Na ce wanda ya san mota zai zo da ƙafarsa. Ungo."

Ya jefo makulli. Ilarie ya shiga, kujerar kamar dutse. Ya taka kuloci, ya murɗa rabi, ya jira 'yar fitilar ɗumama inji ta mutu, bakinsa na motsi. Sannan ya ƙarasa.

Ta tashi. Babu tari, babu roƙo. Ta yi wani gurnani mai kauri, ta zauna a kansa daram.

Ya fito ya shiga ƙarƙashinta. Duk inda ya danna, ƙarfe ne ke amsawa. An shafe ta da tsohon baƙin mai, aikin mutumin da ya san gishiri. Duk ƙafafunta huɗu inji na jansu, tayoyin na sanyi ne, haƙoransu ba su cinye ba. Ya fito yana murmushin da rabonsa da shi tun Juma'a.

Sai ya ga fuskar Toader.

Toader ya ja da baya taku uku, yana yin alamar gicciye a ƙirji. Da haɓa ya nuna madubin gefe. A wuyan madubin akwai ƙulle-ƙullen zare, fari da ja, an yanke su amma ƙullin ya rage, ɗaya a kan ɗaya, sun fi a ƙirga. Ragowar tawul ne, irin wanda ake ɗaura wa mota ranar jana'iza. Ilarie ya leƙa ta gilashin baya. Babu kujeru. Dogayen ƙarafa biyu ne a kwance a ƙasa, sun yi sumul saboda gogar katakon akwatin gawa.

Tsohon ya sauke mayafinsa.

"Gherasim," in ji Ilarie.

"Ni ne. Na tsufa, ko? Ita ma na sake mata fenti, da baƙa ce."

Duk ƙauyukan kwarin nan babu gidan da Gherasim mai ɗaukar gawa bai taɓa tsayawa a ƙofarsa ba.

"Idona ya mutu, 'ya'ya kuma sun ƙi sana'ar," in ji shi. "Lahadi uku ina kawo ta. Kowa ya ji tashinta sai ya so ta, ya leƙa baya sai ya tuna ya bar tukunya a wuta. Ni ba zan ce maka ta likita ce ba. Abin da zan ce, shekara goma sha huɗu ba ta taɓa sa mamaci jira ba."

Toader ya ja Ilarie gefe. "Ka haukace ne? Mara lafiya za ka saka a cikin wannan? 'Yar'uwata? Motar nan ta saba da hanya ɗaya, mijin yaya. In ta tsaya a ƙofar gidanka, kafin ka kashe inji matan unguwa sun ɗora alkamar sadakar makoki a wuta."

"Na sani."

"To mu koma wajen mai jar hula."

Ilarie ba mai yawan camfi ba ne, amma da ya sake kallon ƙarafan nan biyu sai ya ga tsawonsu, ya ga tsawon Domnica, zuciyarsa ta auna ba tare da ya sa ta ba. Ya zagaya bayan rumfar mai nama ya ciro waya ya kira Domnica.

Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyar, sau tara. Ya dafa shingen. A ta goma sha ɗaya aka ɗauka.

"Tsoho... ka samu?"

"Ina kika shiga?"

"Ina zan shiga? Wayar ce... a kan tebur. Tebur ɗin ya yi nisa."

Taku huɗu ne daga kujerarta zuwa tebur. Ya tsaya yana jin butar nan tana tafasa a cikin wayar.

"Ina dubawa," ya ce. "Kada ki tashi kuma."

Ya dawo ya farke ɗinkin rigarsa da wuƙa. Ba su yi ciniki mai tsawo ba. Gherasim ya miƙa masa takardu, ya riƙe hannunsa.

"Kada ka ja mata birkin hannu in za ta kwana, zai daskare ya kama ƙafar. A giya za ka bar ta, hancinta na kallon gangare."

"Ni za ka koya wa?"

"Kowa ina gaya masa. Galibin waɗanda na ɗauka ba sa musu."

Da wuƙar Ilarie ya kankare ƙullin zaren daga madubi, ɗaya bayan ɗaya. Ƙarafan baya kuwa sun ƙi kwantuwa, notinansu sun zama ɗaya da jikin motar. Suka sayi buhun dankali biyu a bakin kasuwa, suka shimfiɗa bargo suka ɗora.

"In ta tambaya, daga Jamus take," in ji Ilarie.

"Ta tsohuwar likita," in ji Toader. Ya daɗe a tsaye kafin ya shiga, kuma duk tafiyar bai waiwaya baya ba ko sau ɗaya.

Dusar ta riske su a hanya. Kafin su kai gada ba a ganin gefen titi. Ilarie ya sa giya ta biyu ya fuskanci tudun da ya kori motar asibiti, yana jiran ya ji bayanta ya fara wutsil-wutsil. Ba ta yi ba. Haka ta riƙa hawa a natse, ba sauri ba tsayawa, kamar mai bin hanyar gidansu. Wannan natsuwar ce ta fi ba shi tsoro.

A gidan farko wani maƙwabci na kwashe dusa da shebur. Ya ɗaga kai, ya saurara, ya cire hularsa. A gida na uku wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta yi alamar gicciye. Fenti ya canja, kukan injin bai canja ba.

"Na gaya maka," in ji Toader a hankali.

Sai Ilarie ya ji wani tunani ya soke shi: in ba motar suke cire wa hula ba fa? In wani abu ya faru tun bayan wayar? Ya taka mai. Bai san lokacin da ya tsaya ba, bai san lokacin da ya fito ba.

Domnica na tsaye a bakin ƙofa, ta dafa ƙyaure, bargo a kafaɗa, ƙafafunta cikin manyan takalmansa na daji.

"Na ce kada ki tashi!"

"Yaya, kin ga mota?" in ji Toader da sauri. "Daga Jamus. Ta wata tsohuwar..."

"Rufe min baki, Toader. Motar Gherasim ce. Tun daga gada na ji ta."

Dusa na sauka a kan bargonta. Ilarie ya buɗe baki zai ce gobe zai mayar, ya tuna goben Litinin ce.

Ta sako ƙafa ta sauko matakala ɗaya, ta huta, ta sauko ta biyu. Ya miƙa hannu ta ture. Sai da ta kai jikin motar ta jingina, ta jira numfashinta ya dawo.

"Shekarar da Inna ta rasu," ta ce, "dusa ta kai taga. Motar asibiti ba ta hau ba. Limamin coci a kan doki ya zo. Wannan ce kaɗai ta hau tudun nan." Ta leƙa ta gilashin baya, ta dubi bargon da buhunan, ta daɗe tana kallo. "Hitar ɗumama ciki tana aiki?"

"Tana yi."

"To a gaba zan zauna. Bayan kuma ka bar wa dankalinka, ni ba sauri nake ba."

Toader ya yi wata dariya da ta ƙare da jan hanci, ya kama ta suka koma ciki.

Ilarie ya juya motar, hancinta na kallon gangare. Hannunsa ya kai kan birkin hannu don sabo, ya janye. Ya sa ta a giya ya kashe. Akwai wuri a rumfar da saniya ta bari, da ɗan ɗumi ma, amma bai shigar da ita ba. Nan ya bar ta a waje, inda ta saba kwana, dusa ta fara taruwa a kan bonet.