Azarar Bahon Alhaji Babandi

Ina cikin takaba Alhaji Babandi, yayan mijina marigayi Muntaka, ya sauke wani ƙaton bahon ƙarfe daga Kaduna. Wai likita ya ce ya riƙa jiƙa jikinsa a ruwan zafi saboda sanyin ƙashi. Kuma shi ba zai ajiye baho a ƙasa kamar kowa ba, sai an ɗaura masa dandamali a lambun bayan gida, yana wanka yana shan iskar mangwaro. Lokacin nan mu a Bukan Sidi sabulu ma sai an bi layi.

Kafinta Na'Allah ya ce katako kaɗai ba zai ɗauka ba. "Alhaji, ruwa nauyi gare shi, ga ka kuma a ciki. Sai azarar giginya, ita ko gara ba ta ci."

Giginya kuwa akwai ta a gonar gadon Muntaka, hanyar Doma. Matan cikinsu su ne abincina ni da 'yata Rekiya. In sayar da 'ya'yan, in binne ƙwallon in tono muruci in kai kasuwa.

Da na ji can za a saro, na aika aka kira Alhaji, na durƙusa.

"Yaya, don girman Allah a sari mazan. Su ba sa haihuwa, kuma azararsu ta fi ƙwari."

"Iyatu, ina mai takaba ina zancen gona? Ki ji da addu'a. Kayan marainiya a hannuna suke."

To, ƙofar gida ma ba ni da halin takawa, balle Doma. Na zauna raina yana ci na har mota ta juye azara a tsakar gida, baƙa wuluk. Na'Allah ya kafa ginshiƙai cikin siminti, ya jera azara kusa-kusa, ya shimfiɗa katako a sama. Aka cika baho, ƙarti suka hau suna tsalle, ko gezau. Alhaji sai washe baki yake. Ni dai ban taya shi murna ba, na tsani abin nan har cikin raina.

Ranar da na fita takaba ko gaishe-gaishe ban tsaya yi ba, na hau motar Doma. Mazan giginya na tarar tsaye reras can cikin fadama. Matan kuwa sai kututture, duk cikinsu ba a bar ko ɗaya ba.

Ushahemba, ɗan ƙabilar Tibi maƙwabcin gonarmu, ya ajiye fartanya ya zo.

"Mama Rekiya, na faɗa masu. Na nuna masu namiji can ciki. Alhaji ya ce mota ba za ta shiga laka ba, a sare na bakin hanya."

Na tsuguna ina tsintar ƙwallayen da suka rage ina zubawa a zanina. Ushahemba ya matso kusa da ni.

"Ki shuka, Mama. Jikokin Rekiya za su ci."