Yatsun Batoul

…to in ba zafin ba ne, mene ne? Na kai shi digiri ɗari biyu, robar ta yi ta dalala kamar yawun jariri. Na rage, ta ƙi kama juna. Na ƙara kaɗan — tas, tas, tana fashewa kamar riɗi a kasko. Ga babban yatsan robar da nake buga wa Batoul ya sake ɓarewa a hannuna.

Ni na haɗa firintar nan mai buga abubuwa da narkakkiyar roba, da ƙarafunan tsohon gado da kayan cikin mataccen injin kwafi da na tsinto a kasuwar Gadarif. Na san ta kamar yunwar cikina. A Khartoum da tuni… a'a, bar Khartoum. Na gaji.

Batoul na tsakar gida tana daka kofi da hagu, ina jin taɓaryar tana kuskure turmi. Ƙanwata, wadda ke ɗaga jabana, butar kofi, ta tsiyaya daga sama ko ɗigo bai zuba ba — hanyar Madani, ƙofar lori, ƙarar nan, mayafinta jawur… yatsu uku na dama sun tafi. Ran Juma'a dangin Omer za su zo neman aurenta, ta ce da dama za ta zuba musu. Ni kuma na ce an gama. Wa ya aike ni? Baki shi ke yanka wuya.

Ma'aunin zafin na tsoma shi a tafasasshen ruwa, lafiyarsa ƙalau. Fanka, na kashe na kunna. Na bar zafin injin ya yi ta hawa da sauka har ya koyi tsayawa wuri ɗaya. Ga shi ya tsaya cak. Amma tas, tas… me ke tafasa a ciki? Roba ai ba ta da ruwa.

Ruwa?

Zaren robar da injin ke narkarwa da sanyi a hannu. Danshi. Kullum da safe a kan tebur nake samunsa, da yamma kuwa… Inna. "Ya waladi, ɗana, zafin kwanon nan zai lalata maka kaya, na ajiye maka a gindin randa." Tun ranar farko ta faɗa, na ce to, idona na kan lambobi. Gindin randa, inda take ajiye maganinta na sukari, da duk abin da take tsoron rasawa.

Ya sha ruwa ya ƙoshi. Naɗin da na tsira da shi ke nan, babu wani. Zai bushe kafin Juma'a, ga hadari na haɗowa daga Basunda?

Ga Inna can bakin ƙofa, tana jira in gama ta mayar da shi… da wane bakin zan ce mata kar ta taɓa?