Akwatin Saƙon Amm Ragab

Shekara goma sha ɗaya Medhat Shukri ya yi yana kula da kwamfutoci da wayoyin wani kamfanin fiton kaya a Iskandariya, kuma ba wanda ya taɓa sauka ɗakinsa na ƙarƙashin bene don kawai ya ce masa sannu. Sai abu ya lalace ake tuna sunansa. Shi ya dage aka yar da tsohon akwatin waya, ya haɗa musu nasu da manhajar kyauta, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, ya ɗora ta a kan babbar kwamfutar da suke kira saba. Layi arba'in da biyu, duk ta intanet. Yana ji da aikin nan kamar ɗan cikinsa. Kowace safiya saƙo kan shigo masa: “An gama ajiye kwafi lafiya.” Ya kalla, ya kurɓi shayi, ya goge.

Da faifan tsohuwar sabar ya fara ƙugi, sai ya zo ranar Juma'a bayan masallaci, ofis ba kowa, ya mayar da komai kan sabuwa. Jerin sunayen ma'aikata ya bi ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ya ciki ya bar shi. Da ya gama ya shafe tsohon faifan har sau uku, don akwai muryoyin abokan ciniki a ciki, kuma Medhat ba ya wasa da sirrin mutane. Ya hau taragon lantarki mai zuwa unguwarsu yana yaba wa kansa.

Ranar Lahadi Madam Afaf mai karɓar waya ta sauko. Shekara ashirin tana kamfanin, gwiwa ta hana ta bene, amma ga ta a bakin ƙofa tana haki.

“Injiniya, me ka yi wa ɗari biyu da sha huɗu?”

“Babu wannan lambar, Madam. Ta Amm Ragab ce, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu ke nan da na kashe wayar.”

“Wayar ka kashe. Akwatin saƙon fa?”

Sai ta zauna a kan kwalin takardu ta ba shi labari. Amm Ragab, dattijon da ke bin musu takardun kaya a tashar jiragen ruwa, ya rasu ya bar matarsa, Hajja Su'ad. Duk ranar Alhamis da hantsi takan kira, ta ce a haɗa ta da lambar mijinta. Ba mai ɗauka, sai gaisuwar da ya naɗa da bakinsa ta fito: “Ragab ne, ina tasha, a bar saƙo. In kuma Su'ad ce, ina nan tafe, kada ki zuba shayin tukuna.” Sai ta ba shi labarin mako, ta ajiye.

“Shekara biyu? Me ya hana ki gaya min?”

“In gaya maka? Kai da ka tara mu ka ce layin da ba mai shi ƙofar ɓarayi ce? Da tuni ka share shi kana murmushi.”

Abin ya sosa masa rai, don gaskiya ta faɗa. Amma ya daure ya ce, “Kwantar da hankalinki. Ina da kwafin komai. Kafin shayinki ya huce na dawo da shi.”

Ya buɗe kwafin daren Alhamis. Wurin saƙonnin murya ba komai. Ya buɗe na watan jiya, ya buɗe na bara, duk haka. Gumi ya keto masa duk da sanyin ɗakin. Can ya tuna: shekara uku da suka wuce wuri ya yi ƙaranci, ya kwashe muryoyin zuwa wani ɓangare na faifan, ya bar alama mai nuna inda suke. Tun ranar nan, alamar kawai ake kwafa. Safiya dubu yana karanta “lafiya”, bai taɓa gwada dawo da ko saƙo ɗaya ya saurara ba. Ga shi ainihin muryoyin kuma ya shafe su da hannunsa, sau uku, da kyau.

Kwana huɗu ya rage kafin Alhamis. Ya ciro tsohon faifan daga kwandon tarkace, ya bi shi da duk dabarar da ya sani, bai samu ko tari ba. Ya kai wa wani gwani a unguwar Manshiya, mutumin ya duba ya ce, “Wanda ya shafe wannan ya san aikinsa.” Ya rubuta a dandalin masu amfani da manhajar. Wani daga wata ƙasa mai nisa ya amsa masa da layi biyu, cewa kwafin da ba a gwada ba fata ne kawai, kuma yana ba shi haƙuri. Medhat ya daɗe yana kallon amsar. Ya ji kunya irin wadda ba ta da wurin ɓuya.

Ranar Laraba Samir direba ya leƙo, hannunsa riƙe da burodi da wake.

“Injiniya, an ce ka kashe Amm Ragab karo na biyu.”

“Fita min daga ɗaki.”

“Tsaya mana, taimako na kawo. Ni fa na iya muryarsa, har da tarin tabar nan.” Ya gyara wuya. “Ragab ne, ina tasha…” Wallahi kuwa ya kama. “Naɗa kawai. Tsohuwa ce, wayarta ma duk shuu take yi.”

Medhat ya naɗa. Ya rage kaifin muryar, ya ƙara mata ɗan ƙugi, har Madam Afaf da ta ji ta share ƙwalla. Sai da ya ɗora ta a kan sabuwar saba, ya saurara sau biyar, sannan ya cire. Matar da ta yi shekara arba'in tana jin wannan murya a gefen kunnenta ba Samir ne zai ruɗe ta ba. In ma ta ruɗu, to duk Alhamis da direba take hira, kuma shi Medhat ya sani.

Ranar Alhamis ya mayar da lambar kan wayar teburinsa. Ƙarfe sha ɗaya saura ta yi ƙara. Ya bari ta yi sau uku kafin ya ɗauka.

“Salamu alaikum, Hajja. Medhat ne, mai kula da wayoyi.”

Yana jin ƙarar taragon da ke wucewa ta bayan gidanta.

“Ina Ragab?”

Ya gaya mata duka, bai rage ba, bai ɗora wa na'ura laifi ba. Ya ce muryar ta tafi, ba za ta dawo ba, kuma shi ne sanadi.

“Abin da nake gaya masa fa? Kun saurara?”

“Ba wanda ya taɓa ji, Hajja. Su ma sun tafi.”

“To.” Ta ja numfashi. “Da ma na fara manta muryar, ɗana. Zuwa Talata sai ta dushe min, Alhamis in zo in sabunta.”



“'Yarmu Hanan ta haihu shekaranjiya,” in ji ta. “Namiji. Tun ranar nake riƙe da maganar nan don in kai masa.” Sai ta tambaya: “Wannan lambarsa ce dai, ko?”

“Ita ce, Hajja.”

“To ajiye kan wayar a tebur, kada ka kashe. Ka ɗan ba mu wuri.”

Ya ajiye a hankali kusa da kofin shayinsa da ya huce. Ya fita, ya ja ƙofa, ya zauna a matakalar bene. Mutum biyu suka sauko neman a gyara musu firinta, ya ce su dawo an jima, akwai mai magana a ciki.