Gauɗen Dutse a Gangar Banda

Wata uku cur Suwaiba ta yi tana karaɗe dajin Ngaski saboda gauɗe. Gauɗe fa, ɗan guntun iccen nan mai cukurkuɗaɗɗun rassa da manoma ke sarewa su yi shinge! Shi ne aikinta na kammala jami'a. An ce ta tattaro ire-irensa, kowane da ganye da fure, ta danne su cikin tsofaffin jaridu tsakanin katako biyu har su bushe. Mai 'ya'yan da ake ci bai ba ta wuya ba, haka gauɗen kura. Gauɗen dutse ne ya gasa mata aya a hannu, sai da ta hau wani tudu bayan garinsu Wara ta tarar da guda ɗaya tak mai fararen furanni uku.

Sai ga damina. Kwana huɗu ba rana, ga danshin tafkin da ke gefen gari. Jaridu suka jiƙe, ganye ya fara fumfuna, kuma Litinin za a miƙa aiki. In furannin nan suka ruɓe, to sai baɗi. Hankali tashe ta bar katakon a gida, ta shiga mota zuwa Yawuri neman busassun jaridu.

Mahaifiyarta, Inna Tamada, shekara talatin tana bandar kifi, kuma ita Allah bai yi ta da iya ganin abu mai danshi ta wuce ba. Ta suri katakon yadda yake a ɗaure, ta ɗora kan ragar gangar banda bayan garwashi ya lafa, kusa da tarwaɗa. Duk sanda ta juya kifi, sai ta juya shi.

Suwaiba ta dawo ta ga hayaƙi na lasar aikinta.

"Wayyo Inna, kin kashe ni!"

"Mi na kashe? Abu na ruɓewa kin zuba mishi ido. Kwance ki gani."

Ta kwance. Ganye ya bushe ƙayau, furannin uku na nan a shimfiɗe, ba fumfuna ko ɗis. Sai dai ƙamshin gauɗe kam ya yi nasa wuri, tarwaɗa ce zalla.

Ranar Litinin malaminta, Dakta Mamuda, ya buɗe, ya shinshina, ya kwashe da dariya har da hawaye. Rabin na 'yan ajin ya ruɓe, nata ne ya fita tsaf.

"Wace hanya kika bi?"

Kunya ta kama ta, amma ta faɗi gaskiya. Ya ce lallai ta rubuta hanyar cikin aikin, da yawan zafi da adadin awa. Nan take ta buga wa Inna waya ta tambaya.

"Awa kuma?" in ji Inna Tamada. "Hannu ake sawa a ji. In bai gane ba ya taho Wara in koya mishi, amma fa ya zo da iccensa."